Rasuwar 'Yar Labo, Tandar Masa ta Gidan Ɗanmalam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da har yanzu ba su san abin da za su kama da safe ba, ni Jaratu Sali, wadda unguwa ke kira Madam saboda shekarun da na kwashe ina koyar da fizik a lise, wato makarantar sakandare, nake sanar da maƙwabta na Briqueterie, da dangi na unguwannin Nkomkana da Madagascar da Elig-Edzoa, da duk wanda ya taɓa lashe yatsa a tsakar gidanmu, rasuwar tandarmu ta suyar masa, wadda aka fi sani da 'Yar Labo. Ta rasu ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a bakin aiki, a gidan sunan jikan aminiyata Kaltuma, ƙullu yana gurabunta bai gama nuna ba. Ta rabu gida biyu a kan murhu ba tare da ta fantsa wa kowa mai ba, domin marigayiya ko a ranar tafiyarta ba ta yi rashin kunya ba.

Malam Nu'man, ƙanen marigayi mijina Ɗanmalam, ya aiko mini da gargaɗi tun da ya ji ina neman alƙalami. Ya ce, "Matar Yaya, yumɓu ne fa. Kada ki ɗauko kalmomin da aka ajiye wa 'yan Adam ki yafa wa kasko." Na ce masa ni da shi ma ai daga yumɓun aka faro. Ya ce in bar wannan zancen, na bari. Don haka babu salla, babu likkafani, babu addu'ar uku balle ta bakwai. Abin da ya rage mini shi ne in faɗi wace ce ita, in kuma faɗi abin da ya kashe ta, domin a kan wannan na biyun an yi ta yaɗa maganar da ba haka take ba, kuma maganar ta sa wata baiwar Allah ta rufe ƙofarta.

An haifi marigayiya sama da shekara goma da suka wuce a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, wanda ɗalibai ke kira labo, a hannun jikata Afra'u, lokacin tana karatun sanin kayan ƙira. Aikinta a lokacin shi ne ta haɗa farin yumɓu da wani zare da ake yi daga ma'adinin dutse, wanda ya fi gashin jariri siranta, ta gasa su tare su zama 'yan sanduna, sannan ta sa su a inji ya yi ta lanƙwasa su yana saki har su karye. Na tambaye ta ko wannan karatu ne ko ɓarna. Ta ce, "Kaka, ke kika koya mini cewa ba a sanin ƙarfin abu sai an ga yadda ya karye." Ban tuna na faɗi haka ba, amma ya yi kama da maganata, sai na karɓa. Da ta gama aikin, yumɓu da zaren suka yi saura. A makon da ta gama kuwa tandata ta kasuwar Mokolo ta fashe, kamar yadda 'yan'uwanta suka riga ta fashewa ɗaya bayan ɗaya. Afra'u ta tsince ɓallayen, ta auna gurabun, bayan 'yan kwanaki ta shigo mini da kwali a ƙirji, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da jinjiri.

Gaskiya ko ga mamaci sai a faɗe ta: marigayiya ba kyakkyawa ba ce. Launin toka gare ta, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, kuma ba ta da nauyi. Safinatu, shugabar ƙungiyar matan layinmu, ta ɗaga ta da hannu ɗaya ta ce, "Madam, wannan ai ba za ta kai salla ba. Tanda sai da nauyi." Ta kai sallar, ta kai ta layya, ta kai salloli har na daina lura. A cikin waɗanda suka fi zuwa aronta kuwa, Safinatu ba ta yarda kowa ya sha gabanta ba.

Ga waɗanda ba su zauna a ajina ba, da waɗanda suka zauna suna gyangyaɗi, bari in bayyana halin marigayiya daga tushe. Gasasshen yumɓu yana da hali irin na wasu dattawan da na sani. Ɗora masa duk nauyin da kake so, zai ɗauka bai ce uffan ba. Amma ka ja shi, ko ka ɗan lanƙwasa shi, sai ya tashi gaba ɗaya. Tsaga ɗaya ƙarama ta ishe shi. Da zarar ta samu hanya sai ta ratsa daga wannan baki zuwa wancan kafin ka ajiye cokali. Haka duk tandunan da na saya suka tafi, rana ɗaya, ba jinya, ba sallama. Ita 'Yar Labo kuwa, in tsaga ta taho da gudunta sai ta ci karo da zare a gicciye, ta rasa ta inda za ta wuce, ta karkata ta bi jikinsa, ƙarfinta ya ƙare a hanya. Yumɓun ya tsage, amma zaren yana riƙe da ɓangarorin kamar ɗinki.

Abin da ya ba ni mamaki, ni da na tsufa a gaban allo, shi ne da Afra'u ta ce ba a so yumɓun ya manne wa zaren ƙam. In ya manne sosai, tsaga za ta yanke su tare kamar abu guda, zaren ya tashi a banza. Sai an bar masa ɗan wurin zamewa, ya ja ya saki, sannan yake yin amfani. Na faɗi wannan a taron mata, Safinatu ta ce ina sukar aure ne a fakaice. Ni dai tanda nake nufi. Sai dai na lura ranar nan mata da yawa sun koma gida suna tunani.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri da wuta, mai raba zafi daidai tsakanin gurabunta, ba ta fifita na tsakiya a kan na gefe. Masarta ja ce a baki, fara a ciki, da 'yan ƙofofi da miyar taushe ke samun wurin zama. Ba ta kama ƙullu, ba ta shan mai kamar wasu. Kuma ba ta taɓa ƙin aro ba. A layinmu, kamar yadda kowa ya sani, ba a hana aron tanda, ba a kuma mayar da ita fanko. Duk wadda ta ɗauka za ta dawo da ita a wanke, da kwanon masa a rufe a kai. Da wannan al'ada marigayiya ta ciyar da ni daga gidajen da ban taɓa shiga ba. Ta halarci biki da suna da walimar sauka, ta yi azumi da mu kowace shekara tana tashi aiki tun la'asar. Ta hau bensikin, wato acaɓa, ɗaure da roba a bayan direba, ta je Elig-Edzoa a kan hanyar da ni ma in na bi ta sai na kwana ina shafa man zafi. Wata damina ta tafi Nkomkana bikin gida ɗaya, gida na biyu ya karɓa daga can, na uku ya karɓa daga na biyu, har na fara tunanin ta yi aure a can ba a gaya mini ba.

Ba ta da yawan magana, amma wanda ya zauna da ita ya san muryarta. Tana budurwa, in ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa sai ta ce "tiiin", ta ja shi har ka gaji da jira. In mai ya sauka a gurbi sai ta ce "caaa". In an sauke ta tana hucewa sai ka ji "ƙis… ƙis…", kamar tsohuwar da ke tsaki a kan abin da ba za ta faɗa ba. Waɗannan ukun su ne duk abin da na ji daga bakinta tana da lafiya, kuma sun fi yawancin jawaban da na saurara a taron malamai ma'ana.

A shekararta ta biyu ta yi tsagar farko. Wata siririya ce, ta taso daga baki ta tsaya a gefen gurbi. Al'adarmu ita ce mai aro ta ƙwanƙwasa tanda a gaban mai ita ranar ɗauka, ta sake ƙwanƙwasawa ranar mayarwa, kunne ya zama shaida. Ranar nan "tiiin" ya koma "tan". Nan take aka taru a tsakar gidana kamar an yi gobara. Hukuncin ƙungiya shi ne tsagaggiyar tanda gawa ce, a fitar da ita. Wasu suka ƙara da cewa ajiye tsagaggen kasko a gida yana korar arziki. Na nemi a gaya mini sunan gida ɗaya da ya talauce saboda kasko, in je in gani da idona. Aka ce Madam ta fara. Na sa aka kawo tubali biyu, na gicciya marigayiya a kansu, na ɗora mata bokiti cike da ruwa a tsakiya. Ɗanmalam, Allah ya jiƙansa, yana zaune a kan tabarma yana cewa, "Jaratu, in ta karye a gaban mutane ni dai kasuwa zan koma da kwana." Ba ta karye ba. Ko gezau.

Duk da haka babu wadda ta yarda ta soya a kanta sai mutum ɗaya. Kaltuma, wadda ƙofarta ke kallon tawa, wadda aka kawo daga Garwa tana amarya da Hausarta mai gishirin Fillanci, ta miƙe ta ɗaure zane ta hura wuta. Ta zuba ƙullu, ta juya, ta ciro ta farko ta gutsura a gaban kowa, ta ce, "Madam, ni ban san fizik ba, amma masa ta nuna." Daga ranar layin aro ya dawo kamar ba a taɓa yanke hukunci ba.

Tunda na ambace ta, bari in faɗi wace ce Kaltuma a wurina, don waɗanda ke nesa. Shekara arba'in ke nan kusan kowace safiya tana tsallako lungu da kofinta a hannu, mu sha kunu muna musu a kan abin da rediyo ya faɗa. Ita tana yarda da rediyo, ni ba na yarda, a haka muka tsufa. Da Ɗanmalam ya rasu, ita ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɗakina har na fita takaba. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce in daina kuka ba. Tana dai nan.

Yanzu sai jinya. Ciwon da ya kashe marigayiya yana da suna a littattafai. Da Faransanci ana ce masa la fatigue, wato gajiya, kuma ba wasa masana suke yi ba da suka sa masa wannan suna. Duk lokacin da aka ɗora ta a wuta, jikinta yakan buɗe kaɗan, abin da ido ba ya gani. In ta huce ya koma. A kowane buɗewa da komawa zaren nan yana zamewa a mazauninsa, gaba da baya, yana gogewa. Mai da tururi suna bin tsagogi suna shiga inda bai kamata ba. Yau zare ɗaya ya tsinke, sauran su raba nauyinsa. Gobe wani ya tsinke, sauran su sake rabawa. Babu suya ɗaya da ta isa ta karya ta, ko kusa. Amma kowace suya tana ɗaukar ɗan abinta ta tafi da shi, ba ta mayarwa. A waje marigayiya tana nan yadda aka san ta, tana soya masa, ana yabonta. Muryarta kawai ke ba da labari: "tan" ya koma "taf", daga baya ya koma wani "ɗum" mai kama da tarin tsoho.

Akwai abin da ya fi komai gaggauta ciwon, kuma daga kyakkyawar tarbiyyarmu ya fito. Ranar da hidima ta yi yawa, gida na gaba yana jira, mai aro kuma tana kunyar miƙa tanda da maiƙo. To me ake yi? Sai a sauke ta daga gawayi tana huci, a tsoma ta a bahon ruwan sanyi, ta yi ƙara "caaas", tururi ya tashi, a goge ta tas a miƙa wa na gaba cikin mutunci. Fatar ta tsuke nan take, cikin yana nan a buɗe, su yi ta jan juna. Na yi magana a taro, na yi a gidan biki, na yi a bakin famfo. Amsar da nake samu ita ce iyayenmu haka suke yi. Iyayenmu kuwa kowace shekara sai sun sayi sabuwar tanda, amma wannan ɓangaren tarihin ba a cika tunawa da shi ba. Na taɓa leƙawa bayan gidan Safinatu ranar kamun 'yarta, na ga marigayiya a baho tana fitar da hayaƙi kamar jirgin ƙasan Ngaundere. Ban kira sunan kowa ba, na faɗi abin da na gani ne.

Ranar rasuwar ba na nan. Na je asibiti a duba mini gwiwa, da niyyar in shiga gidan sunan da rana. Abin da zan faɗa daga bakin mata uku na ji shi, kuma na tambaye su daban-daban, kamar yadda nake yi wa ɗaliban da suka kwafi juna. Kaltuma ce da kanta a bakin murhu, domin ba ta yarda wani ya soya masar jikanta ba. Wuta daidai, ƙullu daidai. Ta sa tsumma ta ɗaga gefe ɗaya don ta gyara gawayi, abin da kowace cikinmu ta yi sau ba adadi. Sai marigayiya ta ce "ɗaf", a hankali, ta lotsa a tsakiya, ta buɗe gida biyu, ɓangarorin suna rataye da juna da 'yan zaruruwa. Man ya gangara cikin toka. Yara suna wasa a kusa, babu wanda ko ɗigo ya taɓa.

Aka ɗauki salati. Kafin salatin ya sauka, Safinatu ta ce da ƙarfi, a gaban surukai da baƙin da suka zo daga Madagascar, "Shekara goma tana yawo gida-gida lafiya, sai da ta zo hannunki!" Wata ta ce wutar ta yi yawa. Wata ta ce dama hannun Kaltuma ba ya raya kaya, ta tuno wani tulu da ya fashe tun zamanin da ba a kawo famfo ba. Jiddah ta bayan masallaci ta aiko a karɓo mata babbar tukunyarta da ta ba Kaltuma aro tun baƙi ba su gama cin abinci ba, sai da aka juye miya a robobi. A ranar sunan jikan mutum.

Da na dawo na tarar da marigayiya a bakin ƙofata, a naɗe cikin sabuwar atamfar da Kaltuma ta ɗinka don sunan, da kwanon masa a rufe a kai, domin ko gawa ba ta yarda ta mayar fanko ba. Washegari na tarar da tandar ƙarfe ta Mokolo, sabuwa, a cikin takardarta. Ita Kaltuma kanta ban sa ta a ido ba tun daga ranar. Na ƙwanƙwasa, surukarta ta ce tana kwance. Ga takalmanta a bakin ɗaki, ga rediyo an rage masa murya. An gaya mini yanzu in za ta kasuwa ta lungun masu tsire take zagawa, ta sha hayaƙi, don kada ta wuce ta ƙofata. Kunun safe kuma ni kaɗai nake sha. Rediyo yana ta faɗin abin da ya ga dama, babu mai kare shi, har na rasa daɗin ƙaryata shi.

Don haka na kira Afra'u, wadda yanzu ita ke koyar da wasu yadda ake karya sanduna, ta zo da gilashinta na ƙara girman abu. Muka shimfiɗa gawar a kan faifai a hasken rana, muka duba bakin karayar. Ga abin da muka gani, kuma yana nan ga duk mai ido.

Kusan duk fuskar karayar baƙa ce ƙirin, baƙin tsohon mai da hayaƙin da suka daɗe da shiga suka zauna. Wannan wurin ya rabu tun shekaru, zare kawai ke riƙe da shi. A gefensa akwai wuri ruwan ƙasa, wanda ya rabu a 'yan watannin nan. Sai can a kusurwa ɗaya, wani ɗan fari tas, sabo, wanda bai kai faɗin farcen babban yatsana ba. Wannan farin shi kaɗai ne ya karye ranar Asabar. Shi kaɗai ne ya rage yana ɗauke da tanda, da ƙullu, da sunan layinmu. Daga bakin karayar kuma zaruruwa sun fito zako-zako kamar gemun ɗan akuya. Afra'u ta dube su tana murmushi har sai da na tuna mata muna cikin makoki. Ta ce, "Kaka, kin ga gemun nan? Zaren ya zame ne a hankali, bai yanke lokaci ɗaya ba. Mutuwar kirki ta yi. Da ta Mokolo ce, da yanzu ƙafar wani muke jinya."

To, 'yan'uwa, ga sakamakon bincike. Rabon Kaltuma a wannan mutuwa shi ne farin nan, bai kai farce ba. Baƙin kuwa namu ne. Ba zan iya nuna wuri in ce wannan na gidan wance ne ba, domin maiƙo ba ya sa hannu. Amma akwai nawa a ciki, ni da na fi kowa soyawa a kanta. Akwai na direban bensikin, akwai na bikin Nkomkana, akwai na kowane baho. Da ba a ɗauke ta ranar Asabar ba, Lahadi Safinatu ce a layi, kuma da a hannunta za ta cika. Ina so ta zauna ta yi tunanin abin da za ta so a ce mata.

Mun gaji wata magana cewa hannun ƙarshe shi ne mai laifi. Na daɗe ina juya ta ban ga inda ta tsaya ba. Ɗanmalam a kan cinyata ya cika, ina ba shi ruwa da cokali. Babu wanda ya ce ni na kashe shi. Cewa aka yi shekaru ne, da ciwo, da wa'adi, aka kuma yi mini addu'a don ni ce ke kusa. Ban ga dalilin da za a yi wa mai riƙe da tanda wani hukunci daban ba.

Marigayiya ta bar cokalin juyi mai lanƙwasasshen wuya, abokin aikinta tun ranar farko, wanda tun Asabar yake kife. Ta bar murhu, da mafici, da robar ƙullu mai murfin da ba nata ba. 'Yan'uwanta na ciki ɗaya, sandunan labo, duk sun riga ta tafiya tun suna ƙanana, a bakin inji, don jikata ta samu takarda. Ta bar amare da ba a riga an sa musu rana ba, da jarirai da ke ciki, waɗanda za su ci masar sunansu daga ƙarfe, su girma ba su san abin da suka rasa ba. Ta bar ni. Masu tambaya ko Afra'u za ta yi wata, ta ce zaren ba a kasuwa ake tsintarsa ba, kuma ko ta samu, sai layinmu ya yi alkawarin barin tanda ta huce da kanta. Na gaya mata kada ta yi gaggawar neman zaren.

Ga tsarin jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a tsakar gidan Ɗanmalam. Gawa za ta kasance a kan faifai tun safe, da gilashin Afra'u a gefe, domin kowa ya duba baƙin ya duba farin kafin ya yi mini gaisuwa. Wadda ba ta duba ba, ba na karɓar ta'aziyyarta. Safinatu za ta fara, a matsayinta na shugaba, kuma na roƙe ta ta faɗi abin da ta gani da irin muryar da ta yi magana da ita ranar suna. Jiddah ta taho da babbar tukunyarta, a cikinta za a yi miyar.

Ɓari ɗaya zai koma labo, inda aka haife ta, ɗalibai su ga gemun. Ɗaya ɓarin za a kwantar da shi a lungun da ke tsakanin ƙofata da ta Kaltuma, daidai inda ruwan sama ke taruwa jar laka ta yi santsi. Yumɓu ba ya tsoron a taka shi, na riga na yi bayani. Malam Nu'man ya duba, ya ce wannan bai saɓa wa komai ba, kuma zai zo cin masa.

Wankan gawa na makusanci ne, kuma marigayiya ba ta da makusanciya kamar wadda ta yarda da ita ranar da kowa ya ce a jefar, ta kuma riƙe ta ranar da ta cika. Babu mai taɓa ta da ruwa sai Kaltuma, kuma babu mai nuna inda za a kwantar da ɓarin sai ita, tunda ita ta san inda ƙafarta ke zamewa. Tandar ƙarfen da aka ajiye mini tana nan a takardarta. Ban karɓe ta a matsayin biya ba, domin ba a bin kowa komai. In za a buɗe ta, wadda ta saya ce za ta buɗe, ta soya masar sadaka a kai, mu ga ko ƙarfe ya iya wani abu.

Kaltuma, na san za a karanta miki wannan, kuma na san za ki ce Madam ta cika surutu. Atamfarki na wanke na goge, tana kan gadona. Ranar Juma'a zan jiƙa shinkafa, a kai niƙa, in kwaɓa ƙullu, kuma kin fi ni sanin abin da ƙullu ke zama in ya tashi aka bar shi yana jira. In hantsin Asabar ya yi ban ji takunki ba, zan ɗauki robar a ka, da gwiwar nan da likita ya ce kada in ɗora mata ko jaka, in tsallako lakar, duk masu makoki suna bina a baya, mu yi jana'izar a bakin ɗakinki. In na zame na faɗi, wannan kam ke ce, kuma zan rubuta.

Ki taho da kofinki.

Sanarwa daga Jaratu Sali, a madadin cokali da murhu da sauran iyalan marigayiya.